Zaman Doya da Manja a Kaurin Nanomita Biyu: Maganaɗisu da Lantarki Marar Turjiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a Panteka ya ga wannan aikin. Yaro zai juye buhu a ƙasa, maigidansa ya ɗauko maganaɗisun da aka ciro daga bayan tsohuwar sifika, ya bi tarkacen da shi. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, a wurga shi gefe guda. Abin da ya ƙi mannewa kuwa, alminiyam ne ko dalma ko jan ƙarfe, kuɗinsa daban. Wata rana na tambayi wani dattijo a wurin, na ce, "Baba, me ya sa yake kama wannan, ya bar wancan?" Ya ce, "Malam, kowane ƙarfe da halinsa. Shi mayen ƙarfe nasa kawai ya sani."

Rabon da dattijon nan yake yi da hannu a bakin rumfarsa, kusan shi ne rabon da masana fiziks suka tarar a can ƙarshen sanyi. Idan aka sanyaya dalma ta kai digiri 7.2 a ma'aunin Kelbin, ko alminiyam ya kai 1.2, sai su daina yi wa wutar lantarki turjiya kwata-kwata. Wutar da ta shiga zoben irin wannan ƙarfe za ta yi ta zagaye shekara da shekaru, babu batir, babu janareta, kuma ƙarfen ba zai ɗumama ba. Masana na kiran abin sufakwandakta. Ni zan riƙa cewa ƙarfe marar turjiya. Ma'aunin Kelbin yana farawa ne daga inda sanyi ya ƙare, wato digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa, don haka sanyin asubar hunturu da ke hana mu taɓa ruwan randa a Kaduna yana sama da 280 a wannan ma'auni. Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin abin a garin Leiden na ƙasar Holan a 1911, a jikin zaiba, a digiri 4.2. Amma baƙin ƙarfe da nikel da kobal, waɗanda maganaɗisu ke kamawa, ko an kai su ƙarshen sanyi ba sa shiga wannan hali. Jan ƙarfe ma ba ya shiga, sai dai dalilinsa daban ne. A 2001 wasu masana a Osaka ta Japan sun matse baƙin ƙarfe da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu kusan sau 150,000, har ya rasa halinsa na maganaɗisu. Sai a lokacin ya bar turjiya, a wajen digiri 2.

Ke nan gabar ta gaske ce. Abin da ya ja ni ga wannan rubutu shi ne abin da ke faruwa idan aka fere waɗannan abokan gaba biyu suka zama falle-falle, siraran da ido ba ya gani, aka ɗora wannan a kan wancan. A dunƙule, maganaɗisu ne ke cin nasara, magana ta ƙare. A falle kuwa, ƙarin kaurin ƙwayoyin zarra uku ko huɗu yana iya juya hukuncin, ya sake juya shi.

Sai mun koma kan elektron, 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki a cikin ƙarfe, kafin mu gane tushen gabar. Kowane elektron, ban da cajin da yake ɗauke da shi, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai alƙibla: ko ya fuskanci sama, ko ya fuskanci ƙasa. A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer, a Jami'ar Illinois ta Amurka, suka bayyana cewa a cikin tsananin sanyi elektron suna haɗuwa biyu-biyu, girgizar ƙwayoyin ƙarfen ce ke ƙulla su, duk da cewa a al'ada korar juna suke yi. Kuma a ƙarafa irin su dalma da alminiyam da niyobiyam, sharaɗin wannan aure shi ne alƙiblarsu ta saɓa: ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ku tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sama lokacin da ta waccan ke ƙasa. Ma'auratan kuma ba kowane da nasa kiɗan ba. Duka miliyoyinsu a bugu ɗaya suke tafiya, shi ya sa ɗan datti ko ɗan karkacewa a cikin ƙarfen ba ya iya tsayar da ɗaya daga cikinsu shi kaɗai. Rashin turjiyar ke nan.

Shi kuwa baƙin ƙarfe, abin da ya mai da shi maganaɗisu shi ne wani ƙarfi na cikin gida da ke tilasta wa elektron su fuskanci alƙibla ɗaya. Ƙarfe marar turjiya na neman saɓani, maganaɗisu na neman daidaito, kuma ƙarfin nasu ba ɗaya ba ne. Igiyar da ta ɗaure ma'auratan ba ta da ƙwari, 'yan digirori na ɗumi ke tsinka ta. Tsarin maganaɗisun baƙin ƙarfe kuwa sai an gasa shi ya kai digiri 770 a ma'aunin da muka saba kafin ya wargaje. Bambancin ƙarfin ya kai ninki ɗaruruwa, har zuwa dubu. Tun 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld a Jamus sun ga cewa ƙarfe marar turjiya yana korar filin maganaɗisu daga cikinsa, idan kuma filin ya fi ƙarfinsa sai ya koma ƙarfe na yau da kullum. A 1958 Bernd Matthias da abokan aikinsa a Amurka suka barbaɗa gadoliniyam, mai halin maganaɗisu, a cikin lantanam, wani ƙarfe marar turjiya. Kimanin kashi 1 cikin 100 kacal ya isa ya kashe rashin turjiyar. Dattin da ba na maganaɗisu ba kuwa, ko ya fi haka yawa, da ƙyar yake taɓa shi.

To yaya ake yin fallen? Ana sa dunƙulen ƙarfe a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a riƙa harbinsa da ƙwayoyin iskar argon, su kuma ƙwayoyin ƙarfen da suka fantsama su sauka a hankali a kan farantin silikon, kamar yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a gilashin mota. In kaurin ya kai yadda ake so, a rufe wannan a buɗe wani ƙarfen. Ana auna kaurin da nanomita. Silin gashin kai ɗaya yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Nanomita ɗaya kuwa jerin ƙwayoyin zarrar baƙin ƙarfe huɗu ne ko biyar. Dalilin da ya sa siranta ke da muhimmanci shi ne ma'auratan nan suna da faɗi. Tazarar da ke tsakanin elektron biyun ta kai gomman nanomita a niyobiyam, a tsarkakakken alminiyam kuwa ta kai wajen 1,600. Idan fallen bai kai faɗin ma'auratan kauri ba, babu wani lungu a cikinsa da za su ɓuya daga maƙwabci.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ban san wata magana da ta fi wannan dacewa da abin da masana ke kira tasirin maƙwabtaka ba. Ma'auratan suna tsallaka iyaka su shiga ƙarfen da ke gefe, su ɗan ba shi halinsu. Shi kuma fallen da suka fito, saboda yoyon da yake yi, sai ya raunana, digirin da yake barin turjiya ya sauka. Idan maƙwabcin jan ƙarfe ne, sukan yi tafiyar ɗaruruwan nanomita kafin su rabu. Idan baƙin ƙarfe ne ko kobal, nanomita ɗaya ko biyu ne iyakarsu. Idan an tsarma maganaɗisun, kamar garwayen jan ƙarfe da nikel, sukan kai 'yan nanomita ko goma da wani abu.

A cikin wannan ɗan taƙin ne abin mamakin yake. Ma'auratan ba sa mutuwa kai tsaye. Da zarar sun shiga maganaɗisu, elektron ɗin da alƙiblarsa ta dace da ta gidan sai ya sami sauƙi, ɗayan ya sami nauyi, kamar a miƙa wa ɗaya daga cikin masu luguden nan taɓarya marar nauyi. Bugun ya fara zamewa. Bayan ɗan lokaci wadda ke sama a da ita ce ke ƙasa, luguden ya juye baki ɗaya. In an ci gaba, ya sake komawa yadda ya fara. A harshen lissafi, alamar da ke bayyana halin ma'auratan tana sauyawa daga tarawa zuwa ɗebewa, ta dawo, tana yi tana raguwa har ta ɓace. Peter Fulde da Richard Ferrell a Amurka, da Anatoly Larkin da Yuri Ovchinnikov a Tarayyar Sobiyet, sun hango irin wannan hali a 1964, kowane ɓangare da kansa. A 1982 Alexander Buzdin da abokansa a Mosko suka nuna a takarda cewa idan aka sa fallen maganaɗisu tsakanin ƙarafa biyu marasa turjiya, wutar da ke ratsawa za ta riƙa hawa da sauka gwargwadon kaurin fallen, kuma a wani kaurin ɓangarorin biyu za su zauna a juye da juna. Ana kiran wannan mahaɗar pi, saboda juyin rabin da'ira ne.

An daɗe kafin a gani da ido. A 1995 wani rukuni a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya jera niyobiyam da gadoliniyam hawa-hawa, ya ga digirin barin turjiya ya sauka, ya ɗan tashi, ya sake sauka yayin da ake ƙara kaurin gadoliniyam. Sai muhawara ta tashi, kuma a ganina ta fi sakamakon kansa koyarwa. Shekara guda bayan haka masana daga Bochum ta Jamus da Kazan ta Rasha suka ga irin wannan hawa da sauka a niyobiyam da baƙin ƙarfe, a tsarin da fallen niyobiyam ɗaya ne tak, inda babu ɓangarori biyu da za su juya wa juna baya. Bayaninsu shi ne a bakin iyaka ƙarafan biyu suna cakuɗewa, su haifar da wani siririn yanki da ya rasa halin maganaɗisu, kuma sai kauri ya wuce wannan yanki maganaɗisun ke farkawa. Wato abu ɗaya a takardar awo, dalilai biyu. Duk mai karanta labaran wannan fanni ya riƙe wannan: iyakar da ke tsakanin fallen biyu, wadda ba ta wuce ƙwayoyin zarra biyu ko uku ba, ita ke yanke rabin hukunci, kuma ita ce abin da ya fi wuyar sarrafawa.

Hujjar da ta gamsar da mutane ta zo a 2001 daga Chernogolovka, kusa da Mosko. Valery Ryazanov da abokan aikinsa sun sa garwayen jan ƙarfe da nikel tsakanin fallen niyobiyam biyu. A al'ada, ƙarin sanyi yana ƙara yawan wutar da mahaɗa ke iya ɗauka. Tasu kuwa, da aka ci gaba da sanyayawa, wutar ta ragu har ta kai sifili, sannan ta sake tasowa. Wurin da ta taɓa sifilin shi ne inda luguden ya juye. A daidai wannan lokaci wani rukuni a Orsay ta Faransa ya ga juyin ta wata hanyar, da garwayen faladiyam da nikel. A 2006 kuma masana daga Augsburg ta Jamus da Chisinau ta Moldoba suka nuna abin da ni har yau yake burge ni: ƙara kaurin maganaɗisu a kan niyobiyam ya kashe rashin turjiyar ɗungurungum, da aka ƙara masa kauri kuma sai ya dawo. Abokin gaba ya ƙaru, wanda aka kashe ya tashi.

Akwai wani tsarin da ya fi sauƙin fahimta. A sa fallen marar turjiya a tsakiya, maganaɗisu sama da ƙasa. Idan maganaɗisun biyu suna fuskantar gefe ɗaya, sun haɗa kai a kan ma'auratan. Idan sun saɓa, matsin wannan yana rage na wancan, ma'auratan su ɗan huta. Pierre-Gilles de Gennes na Faransa ne ya kawo wannan tunani a 1966. Ma'anarsa ita ce makunni: juya alƙiblar falle ɗaya, wuta ta wuce babu turjiya, mai da ita, turjiya ta dawo. Sai dai awon da aka yi a ɗakin binciken Argonne na Amurka a 2002 ya nuna bambancin da bai wuce kashi 6 cikin 1,000 na digiri ɗaya ba, ƙasa sosai da abin da lissafi ya yi alƙawari. A 2013 rukunin Jagadeesh Moodera a jami'ar MIT ta Amurka ya sami cikakken kunnawa da kashewa, da alminiyam tsakanin fallen wani maganaɗisu da ba ya ɗaukar lantarki, don haka ma'auratan ba su da inda za su yoye.

Babban sauyi a fannin ya zo ne daga wata tambaya: shin dole ne ma'auratan su saɓa alƙibla? A 2001 Sebastian Bergeret da Anatoly Volkov da Konstantin Efetov, a Bochum, suka ce ba dole ba ne. A tsakiyar zamewar luguden nan, kafin ya gama juyewa, ma'auratan suna shiga wani hali na daban. Idan a daidai wurin alƙiblar maganaɗisun ta karkata, misali daga arewa ta koma gabas, wannan halin sai ya zama ma'aurata masu fuskantar gefe ɗaya, duka biyu sama ko duka biyu ƙasa. A nan misalin turmi ya ƙare, domin dokar ƙananan halittu ce da babu irinta a tsakar gida. Amma sakamakon a fili yake: irin waɗannan ma'aurata maganaɗisu ba shi da abin da zai raba a tsakaninsu, tunda dama abin da yake nema ke nan. Za su ratsa shi kamar yadda suke ratsa jan ƙarfe.

A 2006 masana a Delft ta Holan suka ga wuta marar turjiya ta ratsa ɗaruruwan nanomita na kiromiyam dayoksaid. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun riƙe wannan sinadari a hannunsu, domin shi ake shafa wa zaren kaset mai tsada da ake kira kurom. Abin da ya sa aka zaɓe shi shi ne elektron masu alƙibla ɗaya kaɗai yake bari su wuce, don haka ma'aurata irin na da ba su da hanya a cikinsa ko ta nanomita ɗaya. Sakamakon ya yi wuyar maimaitawa, sai a 2010 wani rukuni a Leiden ya sake samunsa. A wannan shekarar ce kuma aka koyi ƙera karkatar da gangan. A Kambirij ta Ingila, Jason Robinson da Mark Blamire da abokin aikinsu sun yi amfani da holmiyam, ƙarfen da alƙiblar maganaɗisunsa ke murɗewa daga layi zuwa layi kamar tufkar igiya, suka sa shi a gefe biyu na kobal. A Jami'ar Jihar Michigan, rukunin Norman Birge ya sa siraran fallen wani maganaɗisu dabam, wuta ta ratsa kobal mai kaurin fiye da nanomita 20 ba tare da ta ragu sosai ba. Da aka cire waɗannan fallen, sai ta ɓace. Wannan gwaji na cirewa da mayarwa shi ne ya rufe bakin masu shakka. A 2015, a Leiden kuma, aka mai da abin makunni: karkata alƙiblar falle ɗaya ya buɗe wa ma'auratan ƙofar ficewa, digirin barin turjiya ya sauka da kimanin digiri guda, ninki fiye da ɗari na abin da aka gani a 2002.

Me za a yi da duk wannan? Gara a faɗa tun wuri: ba shi ne zai rage asarar wuta a layin da ya taso daga Shiroro zuwa tashar Mando ba. Wannan bincike na ƙananan makunnai ne a cikin kwamfuta. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha wutar da ta kai kusan kashi 1.5 cikin 100 na ta duniya a 2024, wato kimanin ninki goma na abin da layin wutar Najeriya ke rabawa a shekara, kuma yawancinta zafi take zama. Tun shekarun 1980 aka san yadda za a yi lissafin kwamfuta da mahaɗa marasa turjiya, da sauri, da wuta kaɗan. Abin da ya gagara shi ne ma'ajiyar bayanai mai ɗaukar da yawa a ƙaramin wuri wadda ke aiki a wannan sanyi. Maganaɗisu kuwa gwanin riƙe abu ne. Alƙiblarsa tana nan ko an ɗauke wuta. Mahaɗar da juya falle ɗaya ke mai da ita pi ko ya dawo da ita, ta zama 1 da 0 ke nan. An gwada irin wannan ma'ajiya a ɗakunan bincike a Amurka, an kuma sa mahaɗar pi a cikin da'irar kwamfutar kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ke aiki da dokar ƙananan halittu. Amma kuɗin sanyi yana nan: kowane wat ɗaya na zafi da za a cire a digiri 4 yana cin ɗaruruwan wat a injin sanyaya. Ƙaramar na'ura ba za ta ci riba ba, sai babbar cibiya. Kuma ƙera mahaɗa ɗaya mai kyau daban ne da ƙera biliyan ɗaya masu hali iri ɗaya, a fannin da kuskuren ƙwayar zarra biyu ke sauya amsa.

Akwai abin da ke sosa mini rai duk lokacin da na ga sunan niyobiyam a waɗannan gwaje-gwaje. Shi ne ƙarfen da ya fi kowane tsantsar ƙarfe jure ɗumi ba tare da turjiya ta dawo ba, yana barin turjiya a digiri 9.2, shi ya sa kusan kowane rukuni da shi yake aiki, kuma garwayensa da titaniyam ne wayar da ke cikin injin hoton MRI na asibiti. Ɗaya daga cikin duwatsun da ake samunsa a ciki shi ne kolombait, wanda ake haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait. Yau Barazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam. Ɗalibin fiziks a Zariya ko a nan Kaduna da zai karanta labarin mahaɗar pi ya kamata ya san cewa ƙarfen da ke cikinta yana kwance a ƙasar maƙwabtanmu na Jos. Ya kuma san cewa da yawa daga cikin manyan matakan fannin, na 1964 da 1966 da 1982 da na Bochum a 2001, da takarda da alƙalami aka yi su, shekaru kafin wani inji ya tabbatar.

Shingen da ya rage shi ne hiliyam, iskar da ke zama ruwa a wajen digiri 4. Kusan duk abin da na ambata sai da ruwan hiliyam ko injin da ke kaiwa wannan sanyin, kuma dukansu tsada ne da su. Ruwan naitirojin, mai digiri 77, shi ne na talaka. Da shi ake adana maniyyin bijimai a cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Tun 1987 aka gano wani haɗin yitiriyam da bariyam da jan ƙarfe da iskar oksijin da ke barin turjiya a sama da digiri 90, wato ruwan naitirojin ya ishe shi. Sai dai ma'auratansa ƙanana ne ƙwarai, faɗinsu bai wuce nanomita biyu ba, don haka iyakar da za a haɗa shi da maganaɗisu sai ta fi ta niyobiyam tsafta nesa ba kusa ba. A 2022 masana daga Madrid da Faris suka buga sakamakon da ya nuna wuta marar turjiya ta fito daga wannan haɗin ta ratsa kusan nanomita 1,000 na wani maganaɗisu mai manganis, a sanyin gomman digirori. Bai kai 77 ba tukuna.